Wutar da Na Ɗebo

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan la'asar

Ni ce na ɗebo wutar.

Ban faɗa wa kowa ba, ko Inna. A nan kawai zan iya faɗa, don littafi ba ya ɗago kai ya kalli mutum. Ragowar littafina ne na aji shida.

Ranar Litinin muna gonar Inna muna cire zoɓo, ga wake an wanke, sai aka ga ashana ta ƙare. Inna ta ce, "Muhsina, yi maza wajen Goggonki Daso ki ɗebo mana wuta." Goggo Daso Bafulatana ce, ƙawar Inna tun kafin a haife ni. Rugarsu tana bayan gonar Baffa Dogo, yayan babanmu. Ta ba ni wutar yadda ta saba: kandilo biyu, wato busasshen kashin shanu, ta kama musu wuta ta ɗora a tsingaro. Kandilo ba ya ci da harshe, a hankali yake cinyewa, shi ya sa yake kai mutum nesa.

Da na taso, sai na hango samari bakwai zaune a gindin kukar bakin hanya. Ni ba na iya wucewa ta gaban maza.  Sai na ratse ta cikin gonar Baffa, inda aka yanke riɗi aka jingine shi dami-dami yana bushewa. Tsingaron ya yi zafi, ya ƙone mini tafin hannu, na sake shi. Na ɗauki kandilo ɗaya da bakin hijabina. Ɗayan ya farfashe, na tattake shi da silifas, na tura masa ƙasa. Tsingaron kuma na ɗauke shi na tafi da shi.

Na ɗauka ya mutu. Wallahi na ɗauka ya mutu.

Kafin la'asar babu dami ko ɗaya a tsaye.

Asabar, 26 ga Oktoba, da hantsi

Abin da maza suka tsinta a cikin toka shi ne guntun kandilon. Baffa ya ɗaga shi sama ya ce, "Wa ke yawo da wuta a kashin shanu in ba mutanen ruga ba?"

Duk macen garin nan ta san amsar. Kowace ta taɓa aiken 'yarta ɗibar wuta a ruga. Amma ba mace ko ɗaya a wurin.

Kuma mako guda kafin nan Baffa sun yi cacar baki da Hamma, ɗan Goggo Daso, a kan shanu sun taɓa gefen gona. Shi ke nan aka haɗa wannan da wancan.

Ranar Talata aka yi abin da aka yi a ruga. Ranar Laraba motar 'yan sanda ta zo aka tafi da Hamma.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da azahar

Na wanke rigar wana, Yaya Ubale, sau uku. Ƙaurin hayaƙin ya fita. Ɗayan abin bai fita ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Tun rasuwar Baba, Baffa ne ke riƙe da mu. Hatsinmu daga rumbunsa yake fitowa. Shi ya ce da bakinsa, in an kakkaɓe riɗin bana zai kai ni sakandare a Gumel, har ya tambayi lambar takalmina. Yau ya shigo gaida Inna, ya gan ni ina tsintar wake, ya ce, "Uwata, kin ga abin da suka yi mana ko? Makarantarki suka ƙona."

Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini Uwata.

Na sunkuyar da kai. Ya ɗauka kuka nake yi saboda makaranta. Ya ce in yi haƙuri, Allah zai saka mana.

Laraba, 30 ga Oktoba, da safe

Mako guda ke nan ba mai tallan nono da ta shigo gari. Ƙwaryar Goggo Daso tana nan rataye a ɗakin Inna da faifanta. A gidanmu take ajiye kaya ta yi salla in ta gama talla. Inna kullum sai ta goge ƙwaryar.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da yamma

Yau na yi dariya, sai kuma na ji kunyar kaina.

Iya Kyauta mai fura ta dama wa Baffa fura da ruwa zalla. Muna jin su ta katanga. Ya kurɓa ya ce, "Kyauta, wannan fura ce ko ruwan wankin turmi?"

Ta ce, "Ita ce furar da ka zaɓa, Dogo."

"Ina nonon?"

"Ka kore shi ranar Talata. Ko ni kake so in tatso maka? Nawa ya ƙafe tun kana yawo ba wando."

Mutanen zaure suka tuntsire. Baffa ya ce tsufa ya fara taɓa mata kai. Amma ya shanye.

Waɗanda suka je kasuwar Maigatari sun dawo da labari cewa tsohon nan, kakan su Hamma, yana asibiti a Gumel tun ranar Talata, ba ya gane mutane. Yaya Ubale yana cin tuwo aka faɗa. Ya tsame hannunsa ya fita.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da hantsi

Hannun ya yi ruwa. Na ɓoye shi kwana goma sha ɗaya cikin hijabi.

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan azahar

Inna ta kai ni ƙaramin asibitinmu wajen Anti Keziya. Kirista ce, daga Filato ta zo, shekararta tara a garin nan, rabin yaran unguwarmu a hannunta aka haife su. Ta ce Inna ta jira a waje.

Tana wanke ciwon ta ce, "Girki ne?"

Na ce eh.

Ta ce, "To. Ni dai na san girki a yatsa yake ƙuna, ko a bayan hannu. Tsakiyar tafi sai wanda ya riƙe abu ya yi tafiya da shi."

 Ba ta ƙara tambaya ba. Tana naɗa bandeji take ba ni labarin garinsu, kamar ba da ni take ba. Ta ce a kan akuya ɗaya aka fara rikicin. Matan garin sun san wanda ya sace akuyar, ɗansu ne, sai suka yi shiru don kada a taɓa shi. Ta ce, "Mun rufa wa yaro ɗaya asiri. Yanzu in na je gida, sai in nuna wa 'ya'yana fili in ce nan ne ɗakin kakarku."

Ta ɗaure bandejin ta ce in dawo ranar Talata.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da magariba

Ba wanda ya tambaye ni. In an tambaye ni zan faɗa. Haka nake gaya wa kaina.

Amma wa zai tambaye ni?

Talata, 5 ga Nuwamba, bayan la'asar

Sanarwa ta fito daga ƙofar dagaci. Za a yi zaman sulhu ranar Asabar ta sama, sha shida ga wata, da manya daga Gagarawa. Abin da mazan garinmu suka tsayar shi ne ruga ta tashi gaba ɗaya, shi kuma Hamma a wuce da shi kotu. Baffa ya ce ba sulhun da zai yi in ba haka ba.

Yau ranar awo ce, mata sun cika inuwar asibiti. Anti Keziya ta tsaya ta ce, "Za a zauna a kan maganar da ta shafi tukunyarku da 'ya'yanku. Ku nawa aka kira?"



Ta ce ta taɓa zuwa wani taro a Dutse, aka gaya musu har Majalisar Ɗinkin Duniya ta rubuta cewa in za a yi sulhu a sa mata a ciki.

Iya Kyauta ta ce, "Madalla. To su 'yan majalisar su hau mota su zo su faɗa wa Dogo."

Aka yi ta dariya. Da dariyar ta lafa, sai wata ta ce yaronta da ta yaye ba ya cin komai sai da kindirmo, ya rame. Wata ta ce mijinta da adda yake kwana. Wata ta ce ba ta ƙara zuwa itace ita kaɗai. Ina zaune a bayan Inna ina jin su. Kowace tana da abin faɗa, kuma ba wadda ta taɓa faɗarsa a gaban maza.

Ba wadda ta ambaci kandilo. Amma na ga mata biyu sun kalli bandejina, suka kau da kai.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da safe

Wataƙila idona ne.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da yamma

Iya Kyauta da Anti Keziya da wasu tsofaffi uku sun je wajen dagaci. Iya ta dawo tana ba da labari a tsakar gidanmu, tana kwaikwayon muryarsa.

"Ya ce, 'Kyauta, tun kakanni ba a taɓa yi ba.' Na ce, 'Ranka ya daɗe, tun kakanni an taɓa ƙona ruga a garin nan?' Sai ya hau gyaran rawani."

A ƙarshe ya yarda. Za a kafa zana a gefe, mata su zauna a bayanta. Mace ɗaya za ta yi magana, daga bayan zanar, in an gama jin maza. Matan suka zaɓi Inna, tunda ita ce ƙawar Goggo Daso.

Na tambayi Inna me za ta ce. Ta ce za ta roƙa a yafe wa mutanen ruga, a dubi zaman shekara da shekaru.

A yafe musu.

Tun ɗazu kalmar take yi mini yawo a kai. Za a roƙa musu gafarar abin da ba su yi ba, kuma in an yafe, har abada su ne suka ƙona riɗin.

Asabar, 9 ga Nuwamba, bayan azahar

Mun je ruga.

Inna ta ce ƙwaryar mutane ta daɗe a hannunmu, kuma ƙwaryar ƙawa ba ta komawa ba komai a ciki. Ta cika ta da gero ta rufe da faifai. Muka fita da hantsi da igiya da gatari kamar masu zuwa itace, ni da ita da Iya Kyauta.

Ba zan rubuta yadda wurin ya koma ba. Bukka huɗu ce a tsaye. Da tara ne.

Goggo Daso ta fito. Suka gaisa da Inna, gaisuwa mai tsawo, kowace tana kallon ƙasa. Ina gajiya, ina shanu, ina yara. Kamar ba abin da ya faru. Ta karɓi ƙwaryar ta buɗe, ta daɗe tana kallon geron.

Hamma ɗanta ne na fari, ba ta kama sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Har muka kusa tashi ba ta yi zancensa ba. Sai can ta ce wa Iya Kyauta, tana gyaran murfin ƙwarya, "Wai su waɗanda ake tsarewa a can, ana ba su abin rufa?"

Iya ta ce, "Ana ba su." Ban san ko ta sani ba.

Da za mu tafi Goggo ta ce in zo in taya ta ɗauko abu a bukka. Muna shiga ta kama hannuna mai bandeji, ta juya shi, ta hura masa iska kamar yadda ake yi wa ƙaramin yaro.

Ta ce, "Tsingaron nan ba shi da kauri. Tun da kika tafi nake cewa da na ba ki a kasko."

 Na durƙusa.

Ta ce, "Tashi, 'yar ƙawata. Na gaya wa mazanmu tun ranar. Sun ce in muka faɗa, za a ce mun rasa wanda za mu ɗora wa sai marainiya, abin ya ƙara lalacewa. Gaskiyarsu ne. Maganar nan in ta fito daga bakinmu ƙarya ce. Sai ta fito daga naku."

Na ce, "Goggo, ki yafe mini."

Ta ce, "Wuta na ba ki, ba laifi na ba ki ba. Ni ban ce ki faɗa ba, ban ce ki bari ba."

Ta cika mana wata ƙwarya da kindirmo. Muka rufe da itace muka shigo da shi gari kamar kayan sata.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da hantsi

Kwana goma sha tara Goggo Daso tana sane. Ɗanta yana tsare, tana sane, kuma ta hura mini hannu.

Litinin, 11 ga Nuwamba, bayan la'asar

Inna tana yi mini kitso, kaina a cinyarta, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ni na aike ki."

Ta ci gaba da kitson, ta ƙara da cewa:

"Tun ranar da na ga kin dawo da kandilo ɗaya na sani. Daso biyu take bayarwa."

Na ce, "Inna, to me ya sa..."

Ta ja gashina, ba da zafi ba. "Saboda rumbun Dogo muke ci. Saboda Ubale. In aka ce ba su ne suka ƙona ba, to shi abin da ya je ya yi ranar Talata mene ne sunansa? Ke kuma a garin nan za ki zauna, kowa ya nuna ki. Ki bar ni in roƙa. In Allah ya sa suka ji roƙo, shi ke nan, kowa ya tsira."

Na ce, "In ba su ji ba fa?"

 Ta gama layin, ta fara wani. Wani abu mai ɗumi ya ɗigo mini a kunne.

Ban ga laifin Inna ba. Ina so in rubuta wannan da kyau: ban ga laifinta ba.

Talata, 12 ga Nuwamba, da safe

Anti Keziya ta canza bandeji. Ta ce ciwon ya kama hanyar warkewa, amma tabon zai zauna. Na tambaye ta, in mutum ya yi abu ba da gangan ba, ɗaure shi ake yi? Ta ce ita ba alƙali ba ce, amma ba ta taɓa jin an ɗaure yarinya don wuta ta faɗi daga hannunta ba. Ta ce, "Abin da zai fi zafi shi ne idon mutane. Wannan ba ni da maganinsa. Amma ranar Asabar ina bayan zanar nan, kusa da ƙofa zan zauna."

Ban ce mata ina da niyyar komai ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da azahar

Yaya Ubale ya same ni ina wanke-wanke. Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Muhsina, ke da kike zuwa rugar nan, tsohon nan yana da kirki?"

Na ce shi ne yake ba mu goruba.

Ya ce, "Ni ban san shi ne ba. Hayaƙi ya yi yawa." Ya daɗe a tsugune. Sai ya ce, "Amma ai su suka fara, ko?"

Tambayata ya yi. Karo na farko da wani ya tambaye ni.

Na buɗe baki, muryar ta ƙi fitowa. Ya tashi ya tafi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da yamma

An ce mutanen ruga sun fara ɗaure kaya. An ce Nijar za su tsallaka ta Maigatari in zaman bai yi kyau ba. Goggo Daso a nan aka haife ta. Ba ta san kowa a can ba.

Na yi ta tunani a kan zanar nan. Mun yi murna an ba mu wuri, kuma wuri ne, da babu shi. Amma duk abin da zai kashe wutar nan yana bayan zana: wadda ta aika, da wadda ta bayar, da wadda ta ɗauko. A gaban zana kuma sai waɗanda suka tsinci toka. Su ne za su yanke hukunci.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, bayan la'asar

Baffa ya dawo daga masallaci ya aiko mini da rake. Ya ce a gaya wa Uwata ko riɗi ya ƙone, baɗi da yardar Allah za ta tafi Gumel.

Na kasa sha. Na ba yara.

Wataƙila daga gobe ba zai ƙara ce mini Uwata ba. Wataƙila ba Gumel, ba baɗi. Na zauna na kalli abin ta kowane gefe, ban ga gefen da ba ya ciwo ba. Amma ni a ɗakinmu nake kwana, da abin rufata.

Na je bayan rumbu na tono tsingaron inda na binne shi. Har yanzu da baƙin wutar a cikinsa.

Na gwada faɗa a bayan gida, ni kaɗai. Kalma biyar ce. Sau uku muryar ta fito, sau biyu ta maƙale. In ta maƙale gobe, zan ajiye tsingaron a gaban dagaci in buɗe tafin hannuna. Goggo Daso za ta gane kayanta. Matan da ke bayan zana duk sun san sauran, kuma ina jin in ɗaya ta fara, Iya Kyauta ba za ta iya yin shiru ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da hantsi

An kafa zanar. Ina jin motar manya ta iso. Inna ta yi gaba, tana ta maimaita roƙonta a hanya. Ban gaya mata ba, don kada a ce ita ta sa ni, kada kuma ta hana ni.

Na kwance bandejin. Tsingaron yana cikin hijabina.

Ranar nan maza bakwai na gani na bar hanya. Yau sun fi ɗari.

Ta gabansu zan bi.